Sifikokin da Na Fitar Daga Gidana

Ni mutum ne mai son kayan zamani, kuma ba ni da haƙuri da su. Halayen nan biyu ne suka haɗu suka jawo mini abin da har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Shekarar da muka tare a gidanmu na Kambarawa na sayi sifikoki uku marasa waya, irin waɗanda ake haɗawa da intanet ɗin gida. Ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin maiɗakina, ɗaya a kicin. Da wayarka za ka kunna karatu ko labarai, gida duka ya ɗauka. Kwanakin farko har abokan aiki na riƙa jawowa gida don kawai su ji. Daga nan aka fara. Ana tsakiyar aya sai ta falo ta yi gum, ta kicin ta ci gaba, ta ɗaki ta biyo baya a makare. In aka ɗauke wuta muka koma sola, sai duk su manta gidan da suke, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina lallashi. Na canja layi, na canja akwatin intanet ɗin, na ɗora shi kan firij, na rataye shi a taga. Wani mai gyara ya ce katanga ce, wani ya ce sabis ɗin unguwar ne. Maiɗakina ta koma wa tsohuwar rediyonta, wannan kuwa ya fi komai ƙona mini rai.

Wata Asabar suka kunyata ni gaban baƙi, suna fita na tattara su na mayar cikin kwalayensu. Maiɗakina ta ce in ajiye su a sito ko in kyautar, domin a garin nan magidanci ba ya fitar da kayan gidansa kasuwa haka kawai. Na ce mata kayana ne, da guminna na saya, ba zan zauna ina kallon asara don tsoron bakin mutane ba. Na kira wani dillalin kayan lantarki na hannu. Ya zo da rana tsaka, ya ɗaure kwalayen a bayan babur da igiyar roba, maƙwabtana na zaune a inuwa suna kallo. Abu ɗaya na ja masa kunne a kai: duk mai saye a gaya masa aibinsu, ba na son haƙƙin kowa.

Ba a jima ba ya ce an saya, kuma mai sayen ko tayi bai yi ba. Na tambayi wane ne, ya ce wani bawan Allah. Na ji daɗi, na ɗauka na rabu da ƙaya.

Sai gaisuwa ta fara canjawa. Maƙwabcina ya riƙe hannuna bayan sallar asuba yana ce mini kowa haƙuri yake yi a ƙasar nan. A ofis wani ya ja ni gefe ya tambaya ko motar ma zan saki. Na yi ta dariyar yaƙe ina bayanin netwok, suna gyaɗa kai irin na waɗanda suka riga suka gama yanke hukunci. Wata la'asar kuma keke mai ƙafa uku ya tsaya ƙofar gidana da buhun shinkafa da na gero da jarkar man gyaɗa, wai daga Ƙofar 'Yandaka, a ba yara. Gidan surukina ke nan. Maiɗakina ta tsaya kan kayan ta kasa kallona, daga baya ta gaya mini abin da ƙanwarta ta sanar da ita: dillalin nan masallaci ɗaya suke salla da mahaifinsu, kuma mahaifin nasu ne bawan Allahn da ya sayi kayan.

Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya kama ni. Dattijon nan ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Lokacin da ya ba ni 'yarsa bai bincika dukiyata ba, ya dai ce ya ji ni mai iya riƙon gida ne. Wannan shaidar ce nake ji tana zamewa daga hannuna, a kan sifikokin da suka ƙi kama sabis.

Ran Juma'a bayan masallaci na je. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a zaure. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, ya sake tambayar iyali. Kwalayen suna kusurwa kusa da buzunsa, ko igiyar ba a kwance ba. Na tattaro duk ƙarfin halina, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, kayan can suna da matsala. Ba sa kama netwok, shi ya sa na fitar da su."

"Dillalin ya hwaɗa mani," in ji shi. "Ai ba don in saurara na saye su ba."

Na buɗe baki zan ƙara, ya ɗaga hannu a hankali.

"Malam, ba ka da abin jin kunya. Kowane magidanci shina ganin irin wannan rana. Abu guda nike roƙo, in akwai wani abin da za ka hidda, kada shi tahi kasuwa. Ka aiko shi nan, tsakanina da kai."

Albashina na shiga, sitona cike yake, ba abin da iyalina suka nema suka rasa. Duk wannan yana bakina. Amma faɗarsa na nufin in ce wa dattijon nan ya yi kuskure, in mayar masa da alherinsa a cikin zaurensa, in kuma yi musu da suruki, abin da ba a haife ni a gidan da ake yi ba. Ga shi yana jiran amsa, idonsa cike da tausayina.

Na ƙara sunkuyar da kai na ce, "To, Baba. Na gode, Allah shi ƙara girma."