Baƙin Man Motar Likitan Shanu

A tarago motar ta iso Nguru, an lulluɓe ta da tamfol. Lokacin na haura talatin, na yi shekara shida ina jan lori tsakanin Nguru da Gashua kafin in sami aikin direba a ofishin dabbobi. Mai motar shi ne maigidana a wurin aiki, wani Bature likitan shanu, dogo, mai jin Hausa daidai gwargwado. Tasa ce ta kansa, ba ta gwamnati ba.

Da aka yaye tamfol, leburorin tasha suka yi ta dariya. Koriya ce, kujera biyu, ba rufi, ga ta ƙasa-ƙasa, in ka zauna ciki kana iya miƙa hannu ka taɓa yashi. Na ce wa Likita wannan ba motar hanyarmu ba ce. Ya ce ai ba ta da nauyi, in ta kafe sai a ciccibe ta. A nan kam ya fi ni gaskiya, don sau da yawa mutum huɗu ke fitar da ita daga yashin Karasuwa.

Aibinta ɗaya, shan baƙin mai. Saboda haka kullum da safe, kafin a tashe ta, sai na duba. Nakan tabbatar tana tsaye a wuri mai daidai, in ɗaga gefen bonet, in zaro siririn ƙarfen awo, in goge shi da tsumma, in mayar har ƙarshe, sannan in sake zarowa. Zane biyu ne a jikinsa, ana son man ya tsaya tsakaninsu. Ni ban tsayawa nan, sai na murza man a yatsa na duba launinsa. Haka tsohon makaniken da ya koya mini lori yake yi.

Wata shekara, damina na gab da ƙarewa, muna Gashua aka aiko cewa ciwo ya shiga shanu a wasu rugage wajen Jakusko. Lorin ofis ba za ta iya hanyar ba saboda taɓo. Likita ya ɗaure akwatin allura a bayan ƙaramar motar, ya karɓi tuƙi, muka kama hanya da hantsi.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa sai muka tarar ruwa ya shafe hanya a wata fadama. Akwai masunta a bakin ruwan suna gyaran koma. Wani dattijo cikinsu ya ce jiya ruwan iya gwiwa yake. Likita ya dubi gwiwar dattijon, ya dubi motar, ya sa giya ya shiga. A tsakiya ruwa ya zo mana har kujera. Saura kaɗan mu fita injin ya yi tari ya mutu. Masuntan suka shigo suka turo mu tudu.

Na kwance fulogai na shanya, na goge wayoyi. Likita na tsaye yana duban agogo, don allurar ba ta son zafi.

“Direba, mayar da su mu tashe ta,” in ji shi.

Na ce bari in duba mai tukuna. Na zaro ƙarfen na goge, na mayar, na zaro. Man ya wuce zanen sama da kusan gaɓar yatsa, kuma ba baƙi ba ne, ya yi fari-fari kamar kunun da aka zuba wa nono.

Likita ya leƙo ya ce, “To, ai akwai mai, har ya yi yawa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, da safe yana tsakiya, kuma ba wanda ya ƙara. Ruwa ne ya shiga.”

“Mil nawa ya rage? Ba za ta kai mu ba?”

“Za ta tashi. Amma in ta mutu a gaba, ta mutu ke nan, sai dai shanu su jawo ta.”

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce shanun mutane na mutuwa ni ina maganar mota. Ban taɓa yi masa musu ba sai ranar, ga shi kuwa aikin nan shi ke ciyar da gidana. Na miƙa masa ƙarfen. Ya juya shi a rana, ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini.

Bulaman ƙauyen masuntan ne ya raba gardamar. Ya sa aka kawo takarkari, aka ɗaura akwatin, wani Bafillace da ya san rugagen ya ja gaba. Likita ya ce shi a ƙasa zai taka, amma kafin su ɓace mini na hango shi a kan takarkarin, ƙafafunsa na reto.

Ni kuma rabin galan na baƙin mai kawai ke gare ni cikin motar, ba zai isa ba. Na ari keken wani ɗan koli, na saɓa shi na haye ruwan, na koma Gashua. Wani abokina direban lori ya ba ni galan biyu. Washegari na dawo. Motar ta yi ƙasa da yawa, ba a iya shiga ƙarƙashinta, sai masuntan suka ɗaga gabanta muka sa kututturan giginya. Na kwance notin ƙasan inji, ruwa ya fara fitowa tsantsa, sannan farin man ya biyo baya cikin tsohuwar tasa. Na zuba rabin galan ɗin, na tashe ta jim kaɗan, na sake zubarwa, sannan na cika da sabo. Na jira ya kwanta, na auna sau biyu. Dattijon nan ya roƙi gurɓataccen man, wai zai shafe katakon kwalekwalensa.

Kwana biyu na yi a gidan Bulama ina cin tuwon gero da miyar kifi. A rana ta uku Likita ya dawo, wuyansa ya saɓule da rana, yana tafiya a tattale. Ya ce shanu kaɗan sun mutu kafin ya isa, sauran an yi musu allura. Bai tayar da maganar musunmu ba, ni ma haka.

Ruwan ya ɗan janye, amma muka zaga ta wata hanyar tudu da Bulama ya kwatanta mana, mai nisa da ƙaya. Ni na tuƙa, Likita ya zauna a karkace yana gyangyaɗi. Mun shiga Gashua ana kiran la'asar, na sauke shi a bariki, na wuce kasuwa na mayar wa abokina galan ɗinsa.