Ɗaurin Jirgi a Bayan Tirela

A Agege aka haife ni, a gidan da bangonsa na baya yake kallon layin dogo. Rumfar goron Baba tana nan kusa, ko ruwa ake yi za ka isa ba ka jiƙe sosai ba. Tun ina ƙarama na san yadda sana'ar take. A sayo goro daga ƙauyukan Yarbawa, a zube shi a rumfa, a tsince mai sankara a ware, mai kyan kuma a ɗaure shi a huhu a tura Kano. Huhu shi ne ƙunshin nan babba da ake shimfiɗa wa ganye, a zuba goro, a rufe da buhu a tamke da igiya. A zamanin ƙuruciyar Baba dako ɗaya ake yi masa daga rumfa zuwa tasha, a jera shi a tarago, jirgi ya ja.

Mai ɗaure mana huhu wata Bayarbiya ce da kowa yake kira Iya. Ta fara yi wa Baba aiki tun kafin a yaye ni, Hausarta kuwa ta fi ta wasu Hausawan unguwar. Ɗaurinta iri ɗaya ne kullum: ganye ninki uku, a jiƙa shi sharkaf, sannan ta taka huhun da ƙafa ta ja igiya har sai ta yi ƙara. Ɗaurin jirgi muke ce masa, don an tsara shi ne yadda goro zai jure bushewar arewa a cikin tarago mai shan iska. Ko da jirgin kaya ya daina tsaya mana, Baba ya koma wa motocin katako masu tsaga-tsagan jiki, kwana biyu sun shiga Kano. Ɗaurin bai canza ba, babu kuma wanda ya ga dalilin canza shi.

Da Baba ya rasu, yayyena maza biyu babu wanda ya waiwayi goro. Ɗaya yana jan keke, ɗaya yana sayar da wayoyi. Ni na ɗauki mabuɗin rumfa. Shugaban 'yan goro, dattijo mai son a san shi ne shugaba, ya zo ya yi mini ta'aziyya karo na biyu, sannan ya tuna mini da ƙa'idar kasuwa. Rumfar da ba ta fitar da kaya ba ta zama a hannun mai ita, ana ba wa wani. Mu kuwa mai sayenmu ɗaya ne tak, wani Alhaji a Kano, aminin Baba. Idan na rasa shi na rasa rumfa, kuma kowa a layinmu ya san haka.

Kaya na farko da na tura ya lalace a hanya. Na biyu ma haka. Motocin katako sun ƙare, yanzu tirela ce ake lulluɓe ta da tampol, hanyar da ake yi a kwana biyu kuma ta koma kwana biyar, wani lokaci shida. Alhaji ya kira ni a waya, muryarsa a sanyaye.

"'Yata, goron nan a dafe yake zuwa. Na rufa miki asiri sau biyu saboda mahaifinki. Ki turo na uku, in ya zo haka, ki yi haƙuri da ni."

Ban gaya wa kowa ba, amma washegari maganar ta riga ni zuwa kasuwa. Wasu suka ce direbobi ne suke musanya mini kaya. Wasu suka ce asiri aka yi wa rumfar. Shugaba ya ce shi dai bai ce komai ba, amma goro abu ne mai zaɓen hannu, kuma bai cika shiri da hannun mace ba. Na ce masa, "Baba, hannun da ya ɗaure wa mahaifina huhu shekara da shekaru na wane ne? Ko Iya gemu gare ta ban lura ba?" Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya gyara hularsa ya wuce.

A lokacin an gama sabon layin dogo, an katange shi, jirgi mai sheƙi yana wucewa ta bayan gidanmu. Na ci ado na tafi tasha da murnata, ina cewa wahala ta ƙare. Ma'aikacin da na samu mai ladabi ne, har kujera ya ba ni. Ya saurari bayanin huhuna goma sha biyu har ƙarshe, sannan ya ce jirgin nan mutane yake ɗauka, kuma iyakarsa Ibadan. Na ce Ibadan ai su ma goron gare su, me zan kai musu? Ya yi murmushi ya ce ana nan ana aiki, wata rana zai isa Kano. Na fito raina a ɓace. Ga ƙarfe a shimfiɗe a bayan ɗakina, ina jin girgizarsa a ƙafata, amma kayana sai sun hau titi mai ramuka sun je sun ruɓe.

A hanyar komawa gida na yanke shawarar bin kayan da kaina, in ga abin da yake cin goron nan da idona. Maigidana ya san halina, cewa kawai ya yi in tafi da bargo. Iya ta ɗaure huhunan kaya na uku da ƙarfi fiye da kullum, ta ƙara ruwa, ta ce wannan karon ko wata guda aka yi a hanya ba zai bushe ba. Ni da kaina na riƙa miƙo mata bokiti.

Direban tirelar Bakatsine ne mai ƙaton tumbi. Da ya ga na ɗora jakata a gaban mota sai ya tsaya.

"Hajiya, mace ba ta bin tirela."

"Tayar ce take ƙi, ko injin?"

"Wahalar ce ba za ki iya ba."

"Oga direba, a Legas aka haife ni. Na yi rabin rayuwata a cunkushe cikin danfo, motar hayar garinmu, tada mota mu tafi."

Kwana biyun farko babu abin da na gani sai ramuka da shingaye. A rana ta uku da hantsi, bayan mun haye kogin Kwara, muka tarar da layin motoci iya ganin ido. Wata babbar mota ce ta faɗa rami ta kwanta ta tare hanya. Direbobi suka kashe injuna, suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu kamar waɗanda suka iso gida. Na tambayi namu yaushe za a buɗe, ya ce wataƙila gobe, wataƙila jibi. Ko a jikinsa.

Da rana ta take, na kasa zama. Na ɗaure zanina na hau bayan motar, na ɗaga gefen tampol na cusa hannu. Wani huci ya buge ni a fuska kamar na ɗaga marfin madambaci. Na laluba huhu na farko, na tura yatsu tsakanin igiya da buhu har na taɓa ganye. Zafi zau. Ruwan da muka zuba da hannunmu shi ne yake turara goron, igiyar da muka tamke ta hana shi numfashi, tampol ya rufe sama, rana tana hura wuta. Babu asiri, babu ɓarawon direba. Mu ne muke ɗora tukunyar tun daga Agege, titi kuma ya ba ta lokacin nuna.

Kunya ce ta fara kama ni, don goro na tashi a cikinsa kuma ban gane ba. Bayan kunya sai fushi ya zo, shi ne ya fi amfani. Na sauko na ce wa direba a kwance tampol.

"Ba zai yiwu ba, Hajiya. Akwai kayan mutane a ciki, kuma damina ce."

"Gefen da kayana suke kawai za a yaye. In hadari ya taso ni zan rufe."

"In kayan wani ya jiƙe fa?"

"Ka ce ni ce. Ka san rumfata, ka san gidanmu."

Ya ce shi ba ya taɓa igiyar tampol a tsakiyar hanya. Na ce to ya zauna, ni zan taɓa. Na fara kwance ƙullin farko, farcena ya karye, na ci gaba. Da ya ga da gaske nake kuma mutane sun fara taruwa, sai ya tashi yana gunaguni ya karɓa. Wasu direbobi suka taya mu sauke huhunan, don zaman ya ishe su kuma suna son ganin ƙarshen haukata.

Akwai bishiyoyin mangwaro a gefen titi, da matan ƙauye masu tallar dafaffiyar masara. Na roƙe su suka ajiye farantansu. Muka shimfiɗa buhuna a inuwa, muka kwance huhu ɗaya bayan ɗaya, muka baje goron ya sha iska. Na tsakiya ya fara laushi, muka tsince shi muka ware. Direbobi suna ta tsiya, wai Hajiya ta buɗe reshen kasuwar Agege a daji. Na raba musu wanda ya fara dahuwa na ce su tauna, bakinsu ya samu aikin yi.

Da la'asar na sake ɗaurewa. Ganye ninki ɗaya, ruwa ɗan yayyafi kawai, igiya sako-sako yadda hannu zai shiga. Ban taɓa ganin huhu mai munin waɗannan ba, duk sun langaɓe kamar buhun tsumma. Muka jera su a can baya, muka tokare tampol da sanduna ta yadda iska za ta ratsa. Daga nan duk inda muka tsaya sai na hau na cusa hannu, in na ji ɗumi in buɗe. Direba ya daina yi mini musu, ya koma tambayata ko lokacin dubawa ya yi.

A rana ta shida muka shiga Kano. Alhaji ya fito da kansa, ya kalle ni da ƙurar da ke jikina. Ya sa aka buɗe huhu ɗaya, ya zura hannu har gwiwar hannu ya zaro goro daga tsakiya, ya ɓare shi da farce. Ya yi ƙas. Ya tauna a hankali, ya sake zaro wani daga wani huhun.

"Wa ya yi wannan ɗaurin?"

"Ni ce, Baba Alhaji."

"Mummuna ne."

"Mummuna ne, amma ya iso."

Ya gyaɗa kai ya ce in ci gaba da turowa, sannan ya sa aka kai ni cikin gida wajen iyalinsa in yi wanka.

Kafin in dawo Agege labari ya iso. Shugaba ya gaishe ni a bakin layi ya ce dama shi ya san 'yar gado ce. Na wuce na buɗe rumfata. Rumfa ta zauna. Abin da ya rage shi ne in gaya wa Iya, kuma tun daga Kano nake juya yadda zan fara.

Na bari sai da aka kawo sabon goro. Na zauna kusa da ita na ba ta labarin tampol da hucin da ya buge ni, na shimfiɗa ganye ninki ɗaya na nuna mata. Ta kalla. Ta karɓi igiya ta gwada. Tana kaiwa wajen ja sai ƙafarta ta hau huhun da kanta, igiya ta yi ƙara. Ta kwance ta sake, aka kuma. A karo na uku ta saki igiyar ta goge hannunta a zani.

"Omo mi, 'yata, gaya mini gaskiya. Ni na dafa miki goro sau biyu?"

"Hanya ce, Iya. Da kwana biyu ake yi kamar da, babu abin da zai same shi."

"Ba hanya na tambaye ki ba."

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Ɗaurinmu ne. Ke kika ja igiya, ni na zuba ruwa."

Ta kalli hannayenta. Ta ce, "Babanki bai taɓa dawo mini da huhu ba ko sau ɗaya." Na ce na sani. Na ce ta zauna ta riƙa tsince mini goro kawai, ni in yi ɗaurin. Ta girgiza kai ta ce ita ba mai tsinta ba ce, mai ɗauri ce, kuma ba za ta zauna tana kallon ana yin wannan abin da sunan huhu ba. Ta yafa gyalenta. A bakin rumfa ta juyo.

"Ranar da jirgin kaya ya dawo, ki aiko a kira ni."

Na ce to. Na bi bayanta da kallo har ta hau gadar da aka yi a kan layin dogo, tana hutawa a kowane mataki. Ranar ban iya taɓa goro ba, na rufe rumfa tun azahar na je gida na yi kukana.

Har yau ni nake ɗaurina mummuna, kuma yana isa Kano lafiya. Amma ban yarda wannan ne ƙarshen magana ba. Duk wanda ya shigo unguwarmu da manyan motoci yana neman jin ra'ayin 'yan kasuwa, ko yana neman ƙuri'a, ni ce ta farkon ɗaga hannu, har an san ni, wasu suna kauda kai in sun hango ni. Magana ɗaya nake maimaita musu: ƙarfe yana bayan gidana, a kai shi Kano, a haɗa masa tarago na kaya, a kuma gyara titin kafin nan. Sukan ce ana nan ana aiki, in ƙara haƙuri. Ni zan iya jira, ina da sauran ƙarfi. Iya kuwa yanzu da sanda take tafiya, kuma duk Juma'ar da na je gaishe ta sai ta tambaye ni ko an fara lodi a tasha. Gara su hanzarta.