Gorunan Shinkafar Labbo

Faɗan farko da aka yi a kan zauren Labbo, kashi ya sha. Ya faki idon matarsa Fadimatu ya sace turmin kakarta, ya kai zauren da yake tara kayan mutanen dā, wai tarihi ne. Ranar kuwa ga baƙi daga Birnin Kebbi, yana tsaye yana zuba musu bayani, sai ga ta da taɓarya da ƙwaryar gero. Nan take ta zuba gero a cikin tarihin ta hau surfe.

"Haba Fadimatu, gaban baƙi?"

"Su ma su ga tarihi yana aiki. In na ƙare, kai za ka ɗauke shi bisa kai ka maishe min gida."

Ya ɗauka kuwa. Ni taubashiyarsa ce, don haka na bi shi da guɗa har ƙofar gida.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato. Garinmu Tungar Hodi yana bakin fadama, kusa da Argungu, kuma ba mu da abin nunawa sai zauren nan. Ba wanda ya sa Labbo, ba mai biyansa. Duk gidan da aka raba gado sai ya je ya roƙi abin da magada suka raina: tsohuwar homar kamun kifi, akushi, mazari, mashi mai tsatsa. Na sa masa suna Ungulu, ya amsa. Tamba magini yana gyara masa rufi kyauta kafin damina, Malam Irimiya kuma yakan taso daga unguwar Badariya ta Birnin Kebbi ranar Asabar ya share ya kakkaɓe.

A jikin bango akwai manyan gorunan masunta da suka tsufa, an liƙe bakinsu da laka. Shinkafa ce a ciki, irin ta kakanninmu, wadda muka watsar da aka kawo sabon iri mai saurin nuna. Kowane gora da sunan tsohuwar da ta ba shi. Iri kuwa in ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi, saboda haka duk shekara sai Labbo ya fasa laka, ya shuka a gonarsa, ya yanke, ya sake cika gorunan. Mutum da gona guda, ya ba matattu rabi! Na faɗa masa haka ya fi a ƙirga.

Sai shekarar fari ta zo. Gulbi ya janye har ana ƙetare shi da ƙafa. Muka cinye abin da ke rumbu, muka koma muka cinye irin shuka. Daga nan idon gari ya koma kan gorunan.

Maliki, wan Fadimatu, shi ya jagoranci mutane zuwa ƙofar zauren. Labbo na zaune a bakin ƙofa, ya rame kamar sillen kara, don gidansa ma rama ake ci.

"Labbo, ɗiyanmu na kuka, kai kana gadin abinci?"

"In munka dafa ta yau, mi za mu shuka in ruwa ya zo?"

Ba wanda ya saurare shi. Ina cikinsu, da ƙwaryata a hannu, ba zan ɓoye ba, yunwa ba ta san taubashi ba. Har an fara ture shi, sai ga Fadimatu da taɓaryar nan. Ta tsaya a gabansa.

"Yaya Maliki, ni kaɗai ke da ikon kwasar kaya a zauren ga. Wanda ya isa ya matso."

Ba wanda ya matso.

Da ruwan farko ya sauka, Labbo da kansa ya fasa lakar gorunan duka. Kowane gida ya samu ƙwarya, yana miƙawa yana faɗin sunan mai irin: wannan ta Inna Zainabu ce, wannan ta kakarku ce. Wasu suka karɓa suna hawaye.

Daminar ta zo da ƙarfi, gulbi ya cika ya shafe fadama. Ƙauyukan da suka samo sabon iri, tasu ta nutse. Tamu fa? Ruwa na hawa tana hawa. Ka kwana ka tashi ta ƙara tsawo, kanta a sama, kore shar har inda ido ya tsaya. Na tsufa, na ga abubuwa, amma ban taɓa tsayawa bakina a buɗe na rasa abin tsokana ba sai ranar. A cikin kwalekwale aka fara yankanta.

Maliki dai bai iya shiru ba. Ya leƙa zauren ya ga goruna a kife, ya dawo dandali yana dariya, wai gidan tarihi ya zama fanko, gara a ba shi ya ɗaure awaki. Gardama ta kaure, wasu na cewa gaskiya ne, aikin zauren ya ƙare.

Labbo ya nuna fadama da sandarsa.

"Ga tarihin can, Maliki, zaure ne ya yi mashi kaɗan. Tun da ka fi kowa baki, gobe ka zo da lauje ka taya ni maishe shi ciki."