Dodon Koɗin Kurmi a Gindin Randar Inna

Ni ne ban kyauta ba, gara in faɗa da bakina tun farko. Shekarun baya can, zamanin da Di'o ke zuwa rangadi a kan doki, na mai da abokina maƙaryaci a idon garinmu alhali gaskiya ya faɗa. Kuma duk a kan dodon koɗi.

Ƙauyenmu yana gefen Kajiji, a ƙasar Shagari. Ni da abokin nan tare muka tashi, tare muka yi allo, tare muka sha bulala. Da muka zama samari sai ya bi fataken goro zuwa Kurmi cin rani. Ni kuwa Bodinga ce iyakata, ita ma sai ranar kasuwa. Amma Allah ya ba ni baki. In aka zauna gindin tsamiya bayan la'asar ni ke ba mutane dariya, kuma na saba da haka.

Da bazara ta kama sai ga shi ya dawo, da sabuwar hula da labarai cike da baki. Wanda ya fi nauyi shi ne na ɗan wata tsohuwa maƙwabciyarmu da duk gari ke kira Gwaggo. Ɗanta tilo ya tafi Kurmi shekaru da yawa, ba saƙo ba labari, har wasu sun fara yi masa addu'ar mamaci. Abokina ya ce ya gan shi ido da ido a kasuwar goro yana ɗinki, lafiyarsa lau, kuma ya ce a gaya wa uwarsa yana nan tafe. Gwaggo ta rangaɗa guɗa kamar yarinya. Washegari ta sa aka kawo ciyawa, ta kira mai baibaya ya gyara ɗakin ɗanta kafin ruwa ya sauka.

A gindin tsamiya kuwa kowa ya juya mini ƙeya, abokina ake saurare. Ya ba da labarin itatuwan da ke hana rana taɓa ƙasa, da ruwan sama da ba ya gajiya. Sannan ya ce, "Wallahi akwai dodon koɗi can da ke cika tahin hannu har ya yi saura. Mutanen wurin gasa shi sukai su ci."

Wani ya ce, "Kai ka ci?"

Ya ce, "Wanga kuma tsakanina da Ubangijina."

Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta soke ni, don ba ni na jawo ta ba. Na ce, "Haba ɗan'uwa! Dodon koɗin da muka sani a fadama, wanda bai kai ƙwallon goriba ba? Gobe kuma sai ka ce muna ka ga sauro da sirdi."

Bai yi musu ba. Ya buɗe jakarsa ya fito da abin. Katantanwa ce ƙatuwa, ruwan ƙasa da zane-zane, bakinta a liƙe da wani farin abu kamar busasshen alli. Ya ce, "Ga shi, da ransa. Tun muna Jega zahi ya ishe shi ya rufe ƙofa. Barci yake, sai ya ji damshi zai tashi."

Na karɓa, na ƙwanƙwasa, na kara a kunne. Na ce, "Salamu alaikum, masu gida!" Shiru. Na dubi mutane na ce, "Kun ji? Maigidan ma ya tahi cin rani." Har wani tsoho ya faɗi daga kan tabarma don dariya. Na ce kwanso ne kawai ya tsinta ya toshe da farar ƙasa, na sa a aljihu wai zan kai wa yara su yi wasa. Abokina ya kakkaɓe rigarsa ya tafi gida. Daga ranar, duk inda ya gifta sai yara su bi shi suna, "Mai dodo, ya tashi?"

Ni a wasa na ɗauki abin, sai da Gwaggo ta kira ni ta kan danga. Ta ce, "Ɗana, an ce ka kama abokinka da ƙarya. To in na dodo ƙarya ne, na ɗana fa?" A nan ya kamata in ce mata raha nake yi. Sai na ce, "Allah dai ya sani, Gwaggo." Ta sallami mai baibaya. Dammunan ciyawa suka zauna jingine da bango.

Katantanwar kuwa na jefa ta gindin randar mahaifiyata, inda ƙasa ba ta bushewa, na manta da ita. Wata safiya na zo ɗiban ruwa sai na ga dutse yana tafiya. Ya fito da wuya mai yauƙi, ya miƙe ƙahoni, yana juya su a hankali kamar baƙon da ke neman gidan mai unguwa. Moɗa ta suɓuce daga hannuna.

Mai hankali da ya ruga wurin abokinsa. Ni sai na tuna dariyar da za ta juyo kaina, na ɗauke shi na sa a wata tsohuwar tukunya bayan rumbu, na rufe da kasko. To baƙo sai da abinci. Mahaifiyata tana da ɗan lambu na kabewa da yakuwa da take rayawa da ruwan wanke-wanke, nan na riƙa tsinko masa ganye. Ci yake kamar an aiko shi. Da ganye ya fara ƙarewa, laifi ya faɗa kan jar akuyarta.

"Wagga akuya ba ta tsoron Allah!" in ji Inna. Ta ɗaure ta a turke, ta ce ranar kasuwar Bodinga za ta rabu da ita. Akuyar kuwa ta sha ganina ina tsinka. Sai ta tsaya tana tuƙa tana kallona ido cikin ido. Da akuya na magana da tuni na shiga uku.

Ranar da ruwan fari ya sauka, baƙona ya ji damina ta zo, ya ture kasko ya fito shan iska. Da hantsi Inna ta ga wani sawu mai ƙyalli a jikin rumbu, ta bi shi da ido, sai ga maigida can sama ya baje ƙahoni. Salatin da ta yi har maƙwabta sun ji. Sannan ta ga tukunya, ta ga guntayen ganyen kabewa a ciki, ta juyo ta dube ni.

"Tun yaushe ya tashi?"

"An kwana biyu, Inna."

Ta juya ta bar ni a tsaye. Ta je ta kwance akuya, ta shafa bayanta ta ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, na yi miki ƙazafi." Sannan ta ɗora dodon a kan faifai ta miƙo mini. "Ni na biya nawa. Saura kai. Kuma ta tsakiyar gari za ka bi, kada in ji an ce ka zaga ta bayan gida."

Haka na fito, ƙato da ni, riƙe da faifai kamar mai tallar ƙosai, yara na biye suna ihu. Gidan Gwaggo na fara shiga. Na same ta tana kwashe ruwan da ya zuba a ɗakin ɗanta. Ta sunkuya ta daɗe tana kallon abin, ta taɓa ƙahonsa ya noƙe, ya sake fitowa. Ta yi dariya har da hawaye ta ce, "To ɗana ma yana nan ke nan. Ku kira mini mai baibaya!" Ɗan nata ya dawo kuwa bayan kaka, ya tarar da ɗaki a gyare.

Yau na tsufa, kuma har yanzu ina son ba mutane dariya, wannan ba ta bar ni ba. Musun da na yi da farko ba ya damuna sosai, jahilci ne, wanda bai je Kurmi ba dole ya yi mamaki. Abin da ke sa ni sunkuyar da kai shi ne kwanakin da na yi ina ciyar da gaskiyar abokina a bayan rumbu, ana yi masa waƙa a gari, tsohuwa tana kwana da baƙin ciki, don kawai kada a yi mini dariya.

A gona na sami abokina ran nan, yana saran shuka da sungumi, rabin gari na bayana. Ya dubi faifai, ya dube ni. Ya ce, "A'a, baƙon Kurmi ya tashi? Kai, har ya yi ƙiba! Wa ke ba shi abinci?"

Aka yi dariya, wannan karon a kaina, kuma na cancanta. Na ajiye faifan a gabansa, na cire hulata, na durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa na ce:

"Ni ne. Ya daɗe da tashi, na gani da idona na ɓoye. Jama'a ku shaida, bai taɓa yi muna ƙarya ba, hassada ce ta sa na ƙaryata shi. Ɗan'uwa, na ci mutuncinka a gaban mutane, ga ni a gaban mutane ina roƙonka. Don Allah ka yafe mini."