Tarin da Motar Likita Adama Ke Yi da Safe

Akwai wata safiyar Disamba da har yau ba ta fita daga raina ba. Lokacin ni ke kula da ɓangaren wuta da kwamfuta a garejin Malam Buba da ke Madaki. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara.

Likita Adama likitar dabbobi ce, tana zaune a Tumfure. Motarta mai turbo ce, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi. Sau uku ta kawo ta a mako guda da ƙorafi ɗaya: in ta taka totur za ta wuce tirela, sai motar ta yi tari ta saki jiki. Mun canja filogi, mun wanke nozul masu fesa mai cikin inji, mun gwada famfon mai. Duk sanda na fita gwaji da azahar, sai ta riƙa gudu kamar za ta tashi sama.

A zuwanta na uku Malam Buba ya ja ni gefe. "Motar nan lafiyarta ƙalau, ƙafar Hajiya ce ba ta saba ba. Lallaɓa ta ta tafi."

Ashe ta ji. "Malam, shekara ashirin ina tuƙi. Jiya saura ƙiris in yi gaba da gaba da bas. Jibi kuma ina da rigakafin shanu a ruga, dole in isa kafin a kora su kiwo."

Na ce, "Hajiya, wane lokaci take yi miki haka?"

"Da sassafe. Da rana ba ta taɓa yi ba."

Kunya ta kama ni. Mako guda, ba wanda ya yi mata wannan tambayar.

Washegari bayan asuba na hau keke zuwa Tumfure. Na jona kwamfuta a ƙasan sitiyari, ita ta ja motar. Muna hawa titi ta taka, motar ta yi tarin nan. Na duba: mai ya yi wa iska kaɗan. Sensar da ke auna zafin iska kuma tana nuna zafi irin na tsakar ranar bazara, alhali yatsuna sun ƙage don sanyi.

Ga yadda abin yake. Iska mai sanyi ta fi nauyi, turbo kuma ya cusa ta da yawa, don haka inji na bukatar ƙarin mai. In ƙwaƙwalwar mota ba ta san an yi sanyi ba, ba za ta ƙara ba. Da na buɗe bonet na bi waya, sai na tarar tun kafin ta sayi motar wani ya yanke sensar, ya laƙa ɗan abin da zai riƙa nuna zafi kullum.

Ranar na sa sabuwar sensa. Amma saitin mai, wato daidaita yawan man da ke shiga inji, dole sai cikin sanyi, saboda haka ranar rigakafin na bi ta, kwamfuta a cinya, kular allurai a baya. Na tarar an taɓa saitin ma. Na riƙa ƙara mai kaɗan-kaɗan, don in ya yi yawa baƙin hayaƙi ne, in ya gaza fistin da ke cikin inji zai ƙone. A takun totur na farko motar ta ɗan yi tari. A na biyu ba ta yi tarin ba. A na uku motar ta manna mu da kujera, ta wuce tirela sumul.

"Kai, ƙanena!" Likita ta buga sitiyari tana dariya. "Ashe haka take!"

Mun isa rugar shanu na cikin garke tukuna. Ardo, shugaban rugar, ya tarbe mu da gaisuwar Fulatanci "Jam waali", ta nuna ni ta ce, "Wannan shi ne likitan motata." Aka dire mini ƙwaryar kindirmo, na sha har na rasa wurin numfashi. Da muka dawo, Malam Buba ya cire hula da kansa ya ce, "Hajiya, a yafe mini."

Tun daga ranar, kafin in taɓa sifana sai na tambayi mai mota: yaushe take yi, a ina, kana yin me? Mu awa ɗaya muke yi da mota. Mai ita kuwa kullum suna tare.