Uban Marayu da Sifanar Injin Yankan Itace

Da hantsi, in ka tsaya a bakin layinmu, za ka ga wani dattijo ya fito daga rumfar walda yana jan igiya. Abin da ke ɗaure a ƙarshenta maganaɗisu ne, irin zagayayyen nan da ake cirowa daga bayan tsohuwar lasifika, yana bin sa a ƙasa, ya yi gemu da ƙusoshi da tsatsa. Duk inda aka sare bishiya jiya, can ya nufa. Zai ja shi cikin garin katako da busasshen ganye, ya je ya dawo kamar mai huɗa, har ya ji ƙas. Sai ya sunkuya ya ɗauko sifana, ya hure ta, ya jefa a aljihu. Shekara talatin da wani abu ke nan yana wannan yawo. Masu yankan itace suna kiransa Uban Marayu, kuma shi nake so in yi wa jinjina, tunda gwiwoyinsa sun ce sun gaji, ya kuma ce ƙarshen watan nan zai rufe rumfa.

Ga wanda bai sani ba, injin yankan itace yana da sarƙa mai haƙora da ke zagaya wani faffaɗan ƙarfe. In ta yi zafi sai ta saki. In ta saki ba a ɗaure ta ba sai ta zame, ko ta tsinke ta nemi ƙafar mai ita. Abin ɗaure ta wata 'yar sifana ce da ba ta fi tafin hannu ba, kai ɗaya na kwance noti, ɗaya kamar sukundireba. Sabon inji da ita yake zuwa a cikin kwali. Na hannu kuwa, ban taɓa ganin wanda ya zo da tasa ba. Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma na daɗe ina juya abin a raina. Ina suke tafiya? Wani lokaci in na kishingiɗa sai in ga kamar akwai wani gari a ƙarƙashin ƙasa inda suka taru suna hira, kowace tana ba da labarin sakarcin maigidanta.

Injin da ya zo babu sifana shi yake kira maraya, daga nan sunan ya bi shi. In an kawo masa maraya, ba ya awo da ma'auni. Sabulu yake dannawa a kan notin, ya ciro, ya duba ramin da ya fito, sannan ya yanki bututu ya gasa, ya buga, ya gwada, ya sake bugawa har ta zauna daram. Waɗanda ya tsinto a yawonsa kuma yana rataye su a bangon rumfa, kowace da ƙusarta, har mai ita ya zo. Ba ya faɗa. Cewa kawai yake, “Kwatanta min ita.” Mai shayin da ke gefensa ya shaida min wani ya zo karɓar sifana ɗaya sau huɗu a wata guda. A na biyar sai ya tarar an haɗa mata ƙararrawar keke da walda. Har yau da ita yake aiki, kuma in ya taho tun daga nesa ake sanin shi ne.

Wanda na gani da idona kuwa, a gidan yayata ne. Yaya ta haura tamanin, tana zaune a ɗakin da marigayi mijinta ya gina da hannunsa, kuma ba ta da wani ɗakin bayan shi. A bayansa akwai tsohuwar darbejiya da gara ta cinye cikinta, ta karkato kan rufin. Mijin 'yata, wanda muke kira Dogo, ya ce shi zai sare ta. Bai daɗe da sayen injin hannu ba, wanda mai shi na da ya canza masa noti da wasu da babu sifanar da ke kama su a duk garin, sai wadda Uban Marayu ya ɓata rabin yini ya ƙera masa.

Dogo ya ci rabin gindin bishiyar lafiya, sai sarƙa ta zame. Ya shafa nan ya shafa can, babu sifana. Ga iska ta fara tasowa, bishiyar tana tsaye a kan rabin ƙafa, tana wani kuka kamar tsohuwar ƙofa. Muka fito da Yaya a kan kujerarta, rungume da rediyonta.

“Ni dama na ce a bar min bishiyata,” in ji ta. “Shekara nawa muna zaune lafiya, sai da aka kawo mana gwani.”

Na ce, “Yaya, yi haƙuri, yanzu za a gani.”

“Kai ma da ka ba shi 'ya ai ba ka duba ba.”

Na bar su na tafi rumfa da saurin da tsufa ya bari. Na tarar Uban Marayu yana tsakiyar aiki. Ina ce masa sifana ta ɓata ana rabin yanka, ya kashe wuta, ya ja igiyarsa. Muka iso Dogo ya samo filaya yana shirin murɗa notin.

“Dogo, ajiye filayar nan. In ka cinye kan notin, ko ni sai gobe, kuma bishiyar nan ba za ta jira gobe ba.”

Ya ja maganaɗisun sau uku a kewayen wurin. Ya kama ƙusoshi, da murfin gwangwani, da wani ɗan makulli. Yaya ta leƙo ta ce, “Makullin akwatina ne wannan. Shekara biyu ina zargin mutane.” Sifana dai babu.

Sai ya saki igiyar ya tsaya yana kallon Dogo daga sama har ƙasa, kamar mai shirin ɗinka masa riga.

“A ina ka ɗaure sarƙa na ƙarshe?”

“Can bayan bishiyar, Baba.”

“A tsaye ko a tsugune?”

“A tsaye. Na ɗora injin a kan katanga.”

“Wandon nan naka yana da aljihu?”

Dogo ya duba. Wandon wasan ƙwallo ne, ko ɗaya babu.

Uban Marayu ya karɓi sandata ya doshi gindin bishiyar, wurin da duk muka ja da baya daga gare shi. Yaya ta ce, “Kai mai walda, in ta danne ka kada ka ce ni na aike ka.” Ya ce, “Hajiya, in ta danne ni ki riƙe makullinki, na yafe ladan tsintuwa.” Ya zagaya baya yana ɗingishi, ya ɗaga kai daidai tsawon Dogo, ya ture wani reshe mai ganye da sandar. Ga ta nan a cake cikin ɓawon bishiyar, ta kan sukundireban, ta wuce inda hannun kowannenmu zai kai.

“Zo ka cire abarka, ni ban kai ba. Duk haka kuke. In babu aljihu sai ku cake ta a jikin bishiyar da kuke yanka, ku manta. Nawa na ciro daga itacen da aka riga aka kayar.”

Dogo ya mayar da sarƙa, dattijon yana tsaye a kansa yana cewa ƙara kaɗan, ya isa. Aka ɗaura igiya a sama, mu biyar har da maƙwabta muka kama, shi ne a gaba duk da gwiwar. Inji ya tashi. Bishiyar ta yi jim kamar tana shawara, ta waiwayi rufin Yaya, sannan ta bi igiya ta kwanta a fili. Reshe ɗaya ne ya shafi indararo ya lanƙwasa shi, washegari kuma dattijon da kansa ya zo ya miƙe shi.

Kai ne, Uban Marayu, wanda ya ɗauki ƙaramin abin da kowa ke yarwa ya mai da shi aikin rayuwa. Kai ne ka san tsawon kowane mai yankan itace a garin nan, da wanda aljihunsa ya huje, da wanda ke ajiye abu a kan kututture ya tafi cin abinci. Ƙafafu nawa ke tafiya lafiya yau domin sarƙa ta ɗauru a kan lokaci, masu su ma ba su sani ba. Ba a taɓa kiranka taro an ba ka takarda ba, kai ma ban ga alamar ka jira ba.

Ku masu sayar da injin hannu, ku ɗaure masa sifanarsa a jiki kafin ku miƙa. Ku masu saye, ku tambaya tun kafin ku ji daɗin ƙararsa. Mu sauran kuma, kowa ya duba sana'arsa, akwai wani ɗan abu da ake rainawa wanda in an rasa shi aiki ke tsayawa. A samu mai kula da shi kamar yadda wannan bawan Allah ya kula da nasa.

Allah ya hutar da gajiyarka, ya sassauta maka gwiwoyin nan. Jiya na je gaida Yaya na same ta a ɗakinta, a kan gadonta, tana mita wai tun da aka sare bishiyar rana ke shigo mata ta taga, wai in gaya maka kai ka jawo mata. To na gaya maka. Mun gode.