Jarrabawar da Ta Sa Ni Gaban Yaya Ilu

Ranar wata Litinin ce, washegarin ruwan shuka, a shekarar da aka sauke wa makarantarmu ta Ƙarfi jinka aka ɗora mata kwano. Ina aji shida. Ƙafafunmu duk taɓo, rabin 'yan ajin ma ba su zo ba, iyayensu sun wuce da su gona. Muna cikin lissafi sai monita ya leƙo ya ce Hedimasta na kirana. Ban taɓa ganin yaron da ya shiga ofishin nan ya fito da busassun idanu ba, saboda haka tun a hanya na fara lalubo laifina. Na tarar da Hedimasta, Malam Isiyaku, zaune, kekensa jingine a bango, tsumagiyarsa kwance a kan tebur. Ya ce za a yi wa 'yan aji bakwai jarrabawar shiga makarantar kwana a Malumfashi, kuma an ba shi damar ya haɗa da yaro guda daga aji shida idan ya ga mai ƙoƙari.

"Bala, ba tilas ba ne," in ji shi. "Kana so?"

Na sunkuyar da kai ina murza babban yatsan ƙafata a daɓe. A yadda aka raine mu, yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya kuma ce masa a'a. Idan an tambaye ka, sai ka yi shiru, babban ya zaɓar maka. Malam ya jira kaɗan, ya ce madalla, ya sallame ni. Na fito na koma aji. Jarrabawar kanta ba ta dame ni ba. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne wana, Yaya Ilu, yana aji bakwai, shi ma zai zauna.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ya girme ni sosai duk da aji ɗaya ne tsakaninmu, don an daɗe ana kiwo da shi kafin a sa shi makaranta. A gidanmu komai bisa girma yake tafiya. Idan za mu gona shi ne gaba, ni a baya da butar ruwa. Ba na soma sara da fartanya sai ya soma. Akushinmu ɗaya, kuma ba na sa hannu sai ya yi loma, ranar da aka samu nama shi zai fara ɗauka, abin da ya bari shi ne nawa. Inna kan ce, "Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi." Ban taɓa jin nauyin wannan tsari ba, domin Yaya Ilu bai taɓa cutata da shi ba. Shi ke goya ni mu haye rafi idan ya kawo, shi ke cire mini ƙaya, idan ana langa aka kayar da ni da mugunta shi ke rama mini. Yakan duba sama ya ce yau za a yi ruwa, a kuwa yi. Amma lissafi ya ƙi shi. Duk makarantar an sani, ni ma na sani, sai dai ba mu taɓa maganar ba.

Da Hedimasta ya sanar da Baba a zaure, Baba ya ce Allah ya ba mai rabo sa'a, ya ci gaba da gyaran ƙotar garmarsa. Shi ma ya tambaye ni ko ina so, ni ma na ba shi amsar da na ba Malam, wato na dubi ƙasa. Daga ranar tsoro ya tare a cikina. Idan na faɗi, na kunyata Malam Isiyaku da ya zaɓe ni cikin aji guda, ga tsumagiya. Idan na ci Yaya Ilu bai ci ba, na yi abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba. Gaba kura, baya siyaki. Nakan yi addu'a mu ci mu biyu, idan hakan ba zai yiwu ba, zazzaɓi ya kwantar da ni ranar. Har ruwan sama na tsaya ya dake ni da gangan ina yankan ciyawar tumaki, amma ko atishawa ban yi ba. Abinci ya daina shiga. Inna ta ce shawara ce, ta dafa mini saƙe-saƙi mai ɗaci ta tsare ni na shanye. Abokaina kuwa suka samu abin tsokana, idan na wuce su ce ga mai tsallake wansa. Yaya Ilu bai ce mini komai a kai ba. Bayan la'asar yakan zauna gindin rumbu yana zana lambobi a ƙasa da tsinke, idan ya ji tafiyata sai ya share da ƙafa.

Ranar jarrabawa, ana tsakiyar noman maimai, muka shiga bayan wata motar kaya zuwa Malumfashi. Inna ta wanke mana kayan makaranta, Baba ya karɓo mana rubutu wajen liman muka sha a ƙwarya ɗaya, Yaya Ilu ya fara, ya miƙo mini. Ban taɓa ganin ɗaki mai girman wanda aka zuba mu ba, ga yara daga ƙauyukan da ko sunansu ban sani ba, ga wani baƙon malami mai takalmi sau-ciki yana kai da komo, ƙarar takunsa kaɗai ake ji. Aka zaunar da ni a bayan Yaya Ilu. Da aka raba takardar lissafi na duba, sai na ga na san kusan duka, abin ya ƙara firgita ni. Na ɗaga kai na ga ƙeyarsa, gumi na gangarowa cikin wuyan rigarsa, alƙalaminsa tsaye cak kamar an dasa. Na ajiye nawa. Takun malamin ya matso ya tsaya a kaina, na ji numfashinsa, sai hannuna ya ɗauki alƙalamin ya shiga rubuta abin da ya sani. Haka muka yi ta yi har aka kaɗa ƙararrawa, in tsaya, takun ya dawo, in ci gaba. A hanyar komawa Yaya Ilu ya saya mini rake, ya ɓare mini da haƙoransa, bai tambaye ni yadda na yi ba.

Sakamako bai zo ba sai da dawa ta fara nuna. Mun dawo daga cirar gyaɗa muka ga keken Hedimasta a ƙofar zaure. Sunana ya fito, na Yaya Ilu bai fito ba, kuma shekarunsa sun wuce na maimaita aji. Baba ya yi hamdala a hankali ba tare da ya dubi ɗayanmu ba. Na shige bayan rumbu ina jiran abin da zai biyo baya, ina ganin ko dai Yaya Ilu ya dake ni, ko ya daina yi mini magana. Inna ta yanka zakara. Aka ajiye mana akushi, tuwon dawa da cinya ɗaya a sama, na naɗe hannu ina jira kamar kullum. Shi ma ya naɗe nasa. Tuwo ya fara hucewa. Can ya tura akushin gabana.

"Bisimilla, Malam," ya ce.

Na duba fuskarsa ko gatse yake, ban ga alama ba. Da gaske yake. Na ce Yaya ka fara, ya girgiza kai. Na ci naman nan da hawaye, da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Da lokacin tafiya ya yi, shi ya ɗauko mini akwatina a ka har bakin hanya, kuma a ranar ni ne gaba, shi a baya.

Wannan jarrabawa ita ta buɗe mini duniya, ba zan yi mata butulci ba. Na zauna a Yamai da Hartum da Kumasi, na leƙa ƙasashen Turawa, na koyi Larabci da Faransanci da Turanci. Ko'ina na tarar da irinta da wani suna, ana cewa ta masu hazaƙa ce, kuma ba dole ba. Na tsaya a ƙofar irin waɗannan ɗakuna na ga yaran da suke ɗokin shiga, na kuma ga masu riƙe ciki, iyayensu na bayansu suna murmushi. Harsuna sun bambanta, amma ban ga ƙasar da yaro ke iya cewa ba ya so ba idan wanda ya zaɓe shi ne ke tambaya. Yaya Ilu kuwa yana Ƙarfi, Alhaji ne yanzu, masarar da yake nomawa ta fi ƙarfin rumbunansa. Har yau Malam yake ce mini, har yau idan aka kawo mana abinci sai ya jira ni.

Kwanan baya ɗana da ke Funtuwa ya ce makarantar su jikata Hauwa, wadda ke aji huɗu, ta nemi a bar ta ta zauna jarrabawar 'yan ajin da ke gabanta, ga wanda yake so. Ya ce sun tambaye ta, ta yarda. Na ce me ta ce? Ya ce ai shiru ta yi. Na sa aka kira mini ita, domin a Hausa kaka ne kaɗai babban da yaro ke iya musu da shi, tun da abokin wasansa ne. Na ce amaryata, na ji za ki tsallake aji ki bar ni da tsohuwa.

"Kai dai tsoho ka cika surutu," ta ce. "Ni ba na so bana. Sai Zainab ta wuce tukuna."

Zainab yayarta ce, tana aji biyar. Na gaya wa ubansu a bari sai baɗi, a sake tambayarta ta bakina, idan tana so ta zauna da albarkata. Ni kakannina duk sun rasu kafin in shiga makaranta. Da akwai ɗayansu a zauren nan ranar da Baba ya tambaye ni, wataƙila da har yau Yaya Ilu ne ke fara sa hannu.